Rijiyar da Na Haƙa wa Kifi

Sana'ar gidanmu haƙar rijiya ce. A Marnona aka haife ni, a can na koye ta wurin mahaifina, kuma kafin in yi aure na riga na haƙa wa masu albasa rijiyoyi tun daga fadamar Wurno har Taloka. Ba yabon kai ba, na san ƙasa. In na tsaya a fili na dubi ciyawar da ta tsiro da launin ƙasar da tururuwa ke fitarwa daga raminsu, nakan faɗi ko ruwa na kusa, in kuma faɗi ko mai daɗi ne ko zartsi. In aka kai ga ruwa ni ke fara kurɓa, kuma harshena bai cika ba ni kunya ba.

Da na yi aure sai na zauna a wani ƙauye kusa da Wurno, a bakin wani babban tafki da gulbi ke cikawa kowace damina. Matata ɗiyar sarkin ruwan wurin ce. Surukina dogo ne, mai ƙarancin magana. Ba mai sa homa a tafkin nan sai da izininsa, kuma shi ke sa ranar su, ranar da ƙauyukan kewaye duka ke faɗawa ruwa su kama kifi tare. Ni da shi sai gaisuwa daga nesa. In na hango shi a hanya nakan tuɓe takalmi in durƙusa gefe, ya amsa yana duban wani wuri, kowa ya wuce. Haka surukuta take a wurinmu, kuma ba ta taɓa yi mini nauyi ba sai shekarar da aka kawo baƙon kifi.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Bayan an gama kaka, manzon uban ƙasa ya zo ya ce ana neman mahaƙa a gangaren tafki. Na saɓa magirbina na tafi, ina tsammanin rijiya ce. Na ishe wani siririn mutum da gajeren wando da hular malafa yana kafa turaku yana ɗaura igiya. Shi ne malamin kifi. Mutumin ƙasar Bauchi ne, ya koyi aikinsa a wata gonar kifi can kan duwatsun Jos, aka turo shi nan ya gwada ko abin zai yiwu a ƙasa mai zafi. Akwai Baturen da ke bisansa, amma shi sai jifa-jifa yake leƙowa daga Sakkwato.

Na gaishe shi na ce, “Malam, mi za mu gina nan? Wanga ba shacin rijiya ba na.”

Ya ce, “Kududdufai ne. Kifi za mu kiwata, kamar yadda ake kiwon kaji.”

Na ce, “Wa ka kiwon kihi, ga tabki cike da shi?”

Ya yi dariya ya ce in dai haƙa, zan gani.

Muka yi aikin cikin sanyi, mu da yawa. Muka fitar da manyan kududdufai guda biyu da wani ɗan ƙarami mara zurfi, wanda malam ya ce shi ne ɗakin haihuwa. Muka ja magudana daga wani hannun tafkin da ya shigo cikin iwa, ta kawo ruwa har wurin. Da aka sallami mutane ni malam ya riƙe ni, don ya ga yadda na daɓe gindin kududdufan da yumɓu har suka daina shan ruwa.

Kifin ya iso a bayan mota, cikin durorin ƙarfe lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Duk ƙauyen ya fito kallo. Ban taɓa ganin irinsa ba: gajere, mai kauri, ɓawon bayansa faffaɗa mai ruwan tagulla, da ɗan gashin baki, ga bakin yana miƙewa yana komawa kamar na tunkiya mai kiwo. Malam ya ce sunansa kaf, amma ba wanda ya riƙe wannan suna. Kifin Bature muke ce masa. Surukina bai zo kallo ba. Da yamma matata tana kwasar tuwo ta ce mini, “Baba ya ce shi tunda anka haihe shi bai taɓa jin inda anka gina ma kihi ɗaki ba.” Ta faɗa tana dariya, amma na gane tsohon bai ji daɗin abin ba.

Malam ya raba mazan kifin da matan, kowanne da kududdufinsa, muna ba su dusa da ƙanzo. Yana da wata 'yar siririyar kwalba mai jan zare a ciki, safe da yamma yakan tsoma ta a ruwa ya duba zafinsa. Da sanyi ya fara saki, ya kama matan ɗaya bayan ɗaya yana shafa cikinsu, ya zaɓi waɗanda cikinsu ya yi laushi ya cika. Muka tsefe kaba muka yi ta kamar tsintsiya, muka haɗa da saiwar kainuwa, muka jera a ɗan ƙaramin kududdufin, don ƙwan kifin nan mannewa yake yi a jikin ciyawa. Sannan ya haɗa su da mazan. Washegari da sassafe muka ishe ruwa na ta fantsama, suna kora juna cikin kabar. Kafin hantsi ya ɗaga sun gama. Malam ya ɗago tsintsiya ɗaya ya nuna mini: ƙwai ne jere a jikin zaren, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, garau kamar raɓa. Muka kwashe iyayen don kada su cinye. Ran nan malam har waƙa ya yi da wani harshen da ban sani ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Ranar su ta faɗo a daidai lokacin. Malam bai san yadda su yake a wurinmu ba, ni kuma ban san abin da laka ke yi wa ƙwai ba. Tun da safe aka buga ganga, mutane suka zubo daga ko'ina da gora da homa da mashi, suka faɗa tafkin suna ihu. Kafin azahar ruwan ya koma kamar kunun kanwa, kuma haka ya biyo magudana ya shigo mana. Muka toshe ta, amma wanda ya shiga ya riga ya shiga. Lakar ta kwanta a kan ƙwan. Da gari ya waye sun yi fari fat, bayan nan suka fitar da wani gashi-gashi kamar auduga, suka fara wari.

Malam ya zauna a bakin kududdufin, tsintsiyar kaba a hannunsa yana jujjuya ta. Can ya ce, “Numfashi suke yi ta jikin ɓawon. Laka ta toshe su.” Ya ce saura mata kaɗan masu ciki, in aka sake rasawa sai baɗi, kuma bai san ko za a bar shi ya kai baɗi a nan ba.

Na dubi tafkin. Ko ba su, ruwansa ya fara ja baya, rana na dafa shi, shanu na shiga suna kwanciya a gefensa. Ga shi kuma akwai su na biyu nan gaba, wanda ake yi a gurbi mai zurfi. Na ce, “Malam, bari in gina ma rijiya. Ruwan ƙasa ba ruwanai da su, ba ruwanai da shanu.”

Ya ɗago kai. Ya ce ya yi tunanin haka, amma rijiyoyin da ya ɗanɗana a ƙauyen duk zartsi ne, kuma ƙwan ba ya son gishiri. Ya nuna wani wuri dab da kududdufin ya ce ko nan za ta yiwu. Na durƙusa na kankare ƙasar wurin da farce na nuna masa farin da ya fito bisa, na ce nan ma zartsi ne. Na kai shi can sama kaɗan, gindin wata giginya, inda na san akwai tsohuwar hanyar gulbi da rairayi ya binne. Bai yi gardama ba, ya ce, “Wannan aikinka ne, yi yadda ka gani.”

Na haƙa da zuciya ɗaya. Na wuce baƙar laka, na wuce jan yumɓu, na faɗa farin rairayi mai tsakuwa, ruwa ya ɓulɓulo ta ƙarƙashin ƙafata da sanyinsa. Na tsaya nan ban ƙara ko taki ba, don na san ƙasa da wannan akwai shuɗin yumɓu mai ɓata ruwa. Na kurɓa. Daɗi kamar ruwan sama. Na fito da ƙwarya cike na miƙa wa malam ina taƙama, na ce, “Sha ka ji. In ɗiyan kihinka sun ƙi wanga ruwa, to su ad da laihi.”

Ya sha ya yaba. Sannan ya ce in kawo tasa biyu. Ya cika ta farko da ruwan rijiyar yadda ya fito, a hankali, bai bari ya fantsama ba. Ta biyu kuwa sai da ya yi ta juya ruwan daga ƙwarya zuwa ƙwarya daga sama, kamar mai shiƙar hatsi, sannan ya zuba. Ya kamo 'yan ƙananan gargaza a magudana ya raba su cikin tasoshin, ya ce mu zauna. Ba mu daɗe ba na ga na tasar farko sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa, ɗaya ma ta fara kwantawa gefe. Na tasa ta biyu suna ta yawonsu.

Na ce, “Ruwa guda na hwa! Daga guga guda sunka hito.”

Ya ce, “Ruwa ɗaya ne, amma ɗaya ya sha iska, ɗaya bai sha ba. Akwai iska a cikin ruwa, ita kifi ke shaƙa. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa ba shi da ita. Harshe ba ya jin wannan.”

Na ɗanɗana tasar nan na ɗanɗana waccan, ban ji bambanci ba ko kaɗan. Abin ya ɗaure mini kai, kuma ya burge ni. Ina ganin na gama sanin ruwa, ashe akwai ɓangarensa da ban taɓa leƙawa ba. Na juye 'yan gargazar nan cikin tasa mai iska, suka farfaɗo ina kallo. Na ce to in shan iska ne, wannan mai sauƙi ne, a bar ni da shi.

Na kafa jigo a bakin rijiyar, irin na masu garka. Na sami gungumen giginya da aka tsaga, na aza shi bisa tudun ƙasa mai tsayin ƙirjina. Ruwa ya fito daga guga ya faɗa cikinsa, ya gangara ya zubo kan tarin fasassun tukwane da tsakuwa da na jera hawa-hawa, yana tartsatsi, ya taru a wani ɗan rami ya huta, sannan ya bi kwata zuwa ɗakin haihuwa. Muka yi wa kududdufin rumfar zana ta gefen yamma saboda ranar la'asar. Malam ya sake gwadawa da gargaza, suka zauna lafiya. Kwalbarsa ma ta nuna ruwan ya fi na da sanyi.

Jan jigo yini guda ba aikin mutum ɗaya ba ne, amma Allah ya kawo sauƙi ta inda ban zata ba. Matan ƙauye suka ji labarin rijiya mai daɗi, suka fara zuwa da tulunansu. Malam ya so ya hana, yana tsoron sabulu da toka. Matata ta ce a bar mata wannan. Ta tsaya bakin rijiyar ta kafa doka: ba wanki, ba wanke-wanke, kuma kowace mace sai ta zuba wa kifi rabonsu a cikin giginyar kafin ta cika tulunta. Suna yi suna ba'a, wai sun zo wankan jegon kifin Bature, amma ba wadda ta taɓa ƙetare dokar.

Ina ganin mun gama, sai malam ya zo da wata. Ya ce ruwan rijiya ya yi wa ƙwai, amma in sun ƙyanƙyashe ba abin da za su ci a cikinsa, ya cika tsabta. Abincinsu wasu ƙananan halittu ne da ke cikin ruwan tafki mai ɗan kore, ba kuma mai laka ba. Dole a riƙa surka musu da shi. Ke nan muna bukatar hannun tafkin nan ya zauna a kwance har su yi ƙwari, ga su na biyu yana matsowa.

Ya ce, “Zan je wurin uban ƙasa, ko in aika wa Bature, a sa sarkin ruwa ya ɗage ranar.”

Na ce, “A'a, malam. In anka yi mai dole za shi bi, amma daga ranar kai da masuntan ƙasag ga kun ɓata, ni ko gidana za shi yi zahi. Bari ni in tai.”

Ya san surukina ne, ya kuma san abin da wannan ke nufi. Ya dube ni ya ce, “Za ka iya?” Na ce zan iya.

Da na gaya wa matata, ta ajiye muciya ta riƙe haɓa. Ta ce, “Kai da kanka? Gaban Baba? Ka aiki kawunka mana.” Na ce kawuna bai san bambancin ruwa mai kore da mai laka ba, zai je ya dagula maganar. Sannan ta ce to in bari ta riga ni. Ta dama fura ta kai gidansu, ta yini wurin mahaifiyarta. Da ta dawo ta ce, “Tai gobe bayan la'asar. Kak ka ce mai a ɗage su. Hwaɗa mai abin da ag ga akwai, ka bar shi.”

Na tafi da goro a ƙunshe. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a wajen zaure, ban shiga ba. Yana ciki yana ɗinkin homa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, idona a ƙasa. Na tura goron ciki. Sannan na faɗi komai yadda yake: yadda laka ta kashe ƙwan farko, da rijiyar, da abincin da ke cikin ruwan tafki.

Ya daɗe yana jan zarensa. Can ya ce, yana magana kamar da bangon zauren yake yi, “Su ba nawa ba na ni ɗai. Ruwa na janyewa. In nij jinkirta, kihi shi mutu banza cikin laka, mutane su kwan da yunwa saboda baƙo. Wanga ba ya yiwuwa.”

Na ce, “Gaskiya na, Baba.”

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Har na fara shirin sallama, sai ya ce, “Gobe ni zaka in ga abin.”

Ya zo da hantsi, shi kaɗai, da sandarsa. Na koma gefe na bar shi da malam. Malam ya cire malafa ya durƙusa ya gaishe shi kamar ubansa. Tsohon ya zagaya ya dubi jigo da tukwanen da ruwa ke zuba a kai. Ya tsaya a kan kududdufin iyayen ya daɗe ƙwarai, yana kallon yadda suke kafa kai a gindi suna tonon laka, wutsiya a sama.

Malam ya ɗebo ruwan tafki a kofin gilashi, ya ɗaga shi ga rana, ya miƙa masa wani ɗan madubi mai ƙara girman abu. Tsohon ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Na ga ya janye kai da sauri, ya sake leƙawa. Wasu 'yan abubuwa ne ke tsalle a ciki kamar ƙuma.

Ya ce, “La'ilaha illallahu! Wagga tsiya nika sha tun ina yaro?” Sai ya fashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan. Ya ce dama yana mamakin abin da 'ya'yan gargaza ke tsattsaga a ruwan da ido ba ya ganin komai.

Da dariyar ta lafa ya nuna hannun tafkin da sanda. Ya ce ba zai ɗage su ba, amma zai sa masunta su datse bakin hannun nan da laka da zana, yadda suke yi in za su tare kifi, don ruwan cikinsa ya zauna a kwance ko an dagula sauran. Sannan ya juya ga malam, fuskarsa ta koma yadda na san ta.

“Amma da sharaɗi. Kihin ga naka gadu na, tono shika yi. In yash shiga tabkina za shi birkice gidajen gargaza, shi dame ruwa rani da damana. Ko guda ban yarda shi ƙetara ba.”

Malam ya ce, “Baba, abin da ka gani haka yake. A inda na koyi aiki ma an yi kuka da shi a kan wannan. Na yi alkawari.”

Tsohon ya ce, “Kai baƙo na, gobe ana ɗauke ka. Wancan shi za ya riƙa man alkawalin.” Bai dube ni ba, sandar kawai ya karkata wajena. Daga inda nake durƙushe na ce na ɗauka.

Kafin ranar su masunta suka datse hannun. Aka buga ganga aka faɗa gurbi, aka fito da giwan ruwa da tarwaɗa manya-manya, tafki ya dagule har ƙarshensa, amma ruwan da ke bayan datsiyar bai motsa ba. Ni kuma na saƙa asabari mai ƙananan ƙofofi na kafa a bakin kowace magudana, shiga da fita, na ƙara wa gaɓar kududdufan tsayi saboda damina.

Muka sake haɗa sauran matan da mazan a ruwan rijiya. Suka zuba ƙwai fiye da na farko. Wannan karon kullum muka ɗago tsintsiya sai mu gan su garau. Kaɗan sun yi fari, malam ya sa muka tsince su da tsinke kada su shafa wa na kusa. Sannan ɗigo biyu baƙaƙe suka bayyana a cikin kowane ƙwai, malam ya ce idanu ne. Wata safiya na ɗago kabar na ga ba komai a jikinta, na ɗauka sun lalace, sai malam ya ce in dubi ruwan da kyau. Ga su nan, kamar gashin ido, rataye a jikin saiwar kainuwa, ba su ƙirguwa. Da suka fara iyo muka buɗe musu ruwan tafki kaɗan-kaɗan, ta cikin tsumman gwado, yana haɗuwa da na rijiya.

Sau ɗaya muka tsorata. Bazara ta kama, aka wayi gari da hadari wanda bai zubar ba, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Na zo na ishe su duka sun taru a sama suna haki. Wannan karon ban jira malam ba, na san abin da ke damunsu. Na hau jigo, na ƙwala wa matan da ke zuwa ɗiban ruwa kira. Suka ajiye tuluna suka kewaye kududdufin da ƙore, suna ɗiba suna shiƙawa daga sama, ni ina ta zuba sabo. Kafin malam ya iso da gudu, 'yan kifin sun koma ƙasa. Ya tsaya yana haki shi ma, ya dubi matan, ya dube ni, ya ce to shi yau me ya rage masa ya yi.

Kafin ruwan sama ya zauna sun kai tsawon yatsa. Baturen ya zo ya duba, ya tsuguna ya daɗe a gaban tukwanen nan nawa, ya sa malam ya zana masa su. Aka ɗebi wasu a duro aka kai kududdufan da aka haƙa a Rabah da wajen Goronyo, kuma ni aka tura in duba musu ruwa in kafa musu jigo. Damina ta zo da ƙarfi, gulbi ya cika tafki har ya taɓo gindin gaɓarmu, amma bai haura ba. Ko kifi ɗaya bai fita ba, a shekarar nan da bayanta, duk tsawon zamana a wurin.

Da suka girma malam ya ba ni manya guda biyu. Matata ta dafa ɗaya a ranar, muka ci muka ji ƙasa-ƙasa a bakinmu, ga ƙananan ƙayoyi. Ta ce wannan ba za ta kai wa ubanta shi haka ba. Ta saka ɗayan da ransa a randa, tana sauya masa ruwan rijiya kullum ba ta ba shi komai, har ya wanke cikinsa. Sannan ta yi masa miyar albasa da tattasai da daddawa, ta rufe akushi da faifai ta kai da kanta.

Na ƙagu in ji abin da zai ce. Ta dawo ta ce ya ci, bai yi magana ba, sai tsince ƙaya yake yi yana jerawa a bakin tabarma. Washegari aka dawo da akushin. Na ɗaga faifan na ga ƙaton yankin giwan ruwa mai ƙyalli, wanda aka yi wa banda da kyau, ya cika akushin har baki. Ba saƙon komai tare da shi. Matata ta leƙa ta kama dariya har da riƙe ciki. Na aika aka kira malam, muka zauna a inuwar zaure muka cinye shi tas, kuma gaskiya ya fi namu daɗi.